Bencin Coci a Fadar Shayi

A fadarmu ta shayi, bakin wani lungu nan cikin Damagaram, akwai bencin da muka yi kusan shekara biyu muna zama a kai. Dogo ne, na jan katako, mai majingina, an goge shi sumul, mutum shida sukan zauna ba a matsu ba. Babu wanda ya saye shi a cikinmu. Da yammacin Juma'a 16 ga Janairun 2015 ƙanen wani abokinmu ya kinkimo shi a ka, ya dire yana haki yana dariya. Gefe ɗaya na majinginar ya ɗan babbake, yana ta ƙaurin hayaƙi. Kowa a fadar ya san inda ya fito, har da ni. Sanyin hunturu ake yi, ga hazo, ga gari ya yi tsit saboda sojoji sun fito. Kafin a sauke shayi na biyu a daren nan, duk muna kansa a zaune.

Yaran da ke shiga jami'ar André Salifou yanzu suna firamare a lokacin, don haka bari in maimaita abin da ya faru. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mako guda bayan harin da aka kai ofishinta a Paris. Shugaban ƙasa na lokacin, Issoufou Mahamadou, ya je can ya shiga jerin gwanon 11 ga wata, aka kuma ji shi yana cewa shi ma Charlie ne. Ran mutane ya ɓaci. Nawa ma ya ɓaci, kuma har gobe ban ga wani ƴancin faɗin albarkacin baki a cikin zagin annabin mutane ba. Ana sallame sallar Juma'a gari ya rikice. Aka cinna wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar wuta, aka shiga majami'u, aka shiga makarantar mishan, aka bi shaguna da gidajen Kirista. Mutum biyar suka mutu a nan, ɗaya an tsinci gawarsa ne a cikin cocin da aka ƙona. Washegari Asabar wutar ta kama a Yamai, can ma mutum biyar, kuma ƴan sanda suka ce coci 45 aka ƙona. Ɗaruruwan Kiristan Damagaram a barikin soja suka kwana, wasu da kayan jikinsu kaɗai.

Cikin waɗanda suka kwana a barikin akwai wani dattijo kafinta da shagonsa ba ya da nisa da gidanmu. Baba muke ce masa. Mahaifinsa ya zo daga Dahome tun zamanin Nasara, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa. Hausarsa ta fi tawa daɗi, yana sako karin magana kamar tsohuwar Birni. Shi ya yi gadon auren yayata, shi ya yi allon makarantar malamin unguwarmu, kuma idan an yi rasuwa da shi ake zaman makoki har a share. Tun ranar nan nake tambayar kaina abin da ya haɗa wannan bawan Allah da masu zane a Paris. Bai taɓa ganin jaridar da idonsa ba. Abin takaicin ma, jaridar nan ba ta bar Paparoma ba, ba ta bar Annabi Isa ba, masu yin ta ba ruwansu da coci balle masallaci. Aka bar jaki aka daki taiki, taikin ma na maƙwabci.

Na san amsar da ake bayarwa da zarar an taɓo wannan magana, domin ni ma na sha bayar da ita: ai Musulmi aka fi kashewa. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Mako uku bayan ƙone-ƙonen nan, ranar 6 ga Fabrairun 2015, Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, kuma daga nan mutanen gabas ba su sake barci da ido biyu rufe ba. Masunta da manoman tattasai na bakin Komadugu da aka raba da sana'arsu Musulmi ne. Mutum sama da ɗari da aka kashe a Tchoma Bangou da Zaroumdareye ranar 2 ga Janairun 2021 Musulmi ne. Na yankin Tiliya cikin jihar Tawa, sama da 130 a watan Maris na shekarar, su ma haka. Ranar 21 ga Maris 2025, cikin azumi, aka kewaye masallacin Fambita a karkarar Kokoru ana sallar Juma'a, aka kashe mutum 44. Idan ka tsallaka Najeriya, babban masallacin Kano aka tayar wa bama-bamai a Nuwamban 2014, kuma malamai irin su Shaikh Ja'afar Mahmud Adam da Shaikh Albani Zariya harsashi ne ajalinsu. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kirista ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, duk bala'in da ya sauko dole gawar Musulmi ta fi yawa. Wanda ya ba da labarin Sahel ya tsallake waɗannan kaburbura, ko dai jahili ne ko yana da wata manufa.

Matsalata da wannan amsa ita ce lokacin da muke ɗauko ta. Ba mu cika tuna mutanen Fambita ba sai an ce mana an taɓa Kirista. Mun mai da gawarwakin ƴan'uwanmu garkuwar kare kanmu daga wata tambaya da ba ma so. Kuma lissafin yawa yana ɓoye wani abu. A yammacin ƙasar nan akwai ƙauyukan Gurmawa a wajen Makalondi, da na Sonrai irin su Dolbel da Fantio, inda Kirista suke da tarihi mai tsawo. A Bomoanga aka sace limamin Katolika ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, ranar 17 ga Satumban 2018, bai ga ƴanci ba sai Oktoban 2020 a Mali. A watan Mayun 2019 aka shiga mishan na Dolbel aka harbi limamin wurin. Bayan haka majami'un ƙauye suka yi ta rufewa, mutane suna tarkata ƴaƴansu zuwa manyan garuruwa. Musulmin ƙauye, idan masu babura suka zo, wani lokaci yakan sayi ransa da zakkar dole da ɗage wando da yin shiru, duk da cewa wannan ma ba rayuwa ba ce kuma ba kullum take fisshe shi ba. Kirista kuwa sunansa kaɗai ya isa laifi. Idan daga ƙauye guda aka kori gida talatin na Kirista, a lissafin ƙasa ba su cika cokali ba, amma a ƙauyen an shafe su kaf.

Sai dai ba wannan ne ya hana ni barci ba. Ƴan bindigar daji abokan gabarmu ne gaba ɗaya, tsine musu ba ya buƙatar jarumta, ko a gidan rediyon gwamnati kullum ana yi. Wutar Damagaram ba daga daji ta zo ba. An yi ta cewa an ga baƙar tuta cikin taron, an ce baƙi ne suka shigo daga kudu. Wataƙila akwai su. Amma wanda ya kawo benci fadarmu na san uwarsa, na san ubansa, na sha ba shi kuɗin kabu-kabu. Waɗanda suka nuna gidan Baba kafinta ba taswira suka duba ba, a lungun suka girma. Baƙo ba ya sanin wane gida ne na Kirista a unguwar da duk katangunta iri ɗaya ne.

Kuma ba ranar aka fara ba. A Satumban 2012, saboda wani fim na ɓatanci da aka yi a Amurka, an shiga cocin Katolika na garin nan an farfasa. A Nuwamban 2000, fushin bikin nuna tufafi da aka shirya a Yamai ya ƙare a kan majami'a da mashaya a Maraɗi. A Yunin 2019 gwamnati ta kama wani limami a Maraɗi saboda ya soki dokar tsara harkokin ibada, magoya baya suka fusata, aka ƙona coci. Ku duba wannan na ƙarshen da kyau. Gwamnatin Musulmi ce ta rubuta doka, ƴan sanda Musulmi suka kama malami Musulmi, sai fasto ya wayi gari ba shi da wurin ibada ba shi da mota. Ko da wane irin lissafi aka buga, ban ga inda ya shigo ciki ba.

Masu nazari sukan ce talauci ne da siyasa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Damagaram gari ne mai tsohon ciwo. Nan ne babban birnin ƙasa har 1926 da Faransawa suka mayar da shi Yamai, kuma har yau dattawa suna faɗin haka kamar jiya aka yi. Ɗanmu Mahamane Ousmane ya ci zaɓe a 1993, soja suka tumɓuke shi a Janairun 1996. An gina matatar mai ta SORAZ a 2011 nan kusa da mu, amma saurayin unguwar Kara-Kara sana'arsa ruwa-ruwa, yana jera kwalaben esansin sumoga a bakin titi. Ruwan sha kuwa ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa tashi ƙarfe uku na dare yana jiran famfo ya yi tari ya san zancen. Ƴan pale, wato gungun matasa ƴan daba, da muke tsoro da rana, mu yi hayarsu lokacin kamfe, ba daga sama suka faɗo ba. A Janairun 2015 zaɓe yana ƙaratowa, garin yana hannun adawa, kuma mutane da yawa da suka fito fushinsu da Issoufou ya fi fushinsu da Faransa. Duk na yarda. Amma yunwa ba ta san ƙofar coci ba sai an nuna mata. Fadar shugaban ƙasa tana da nisan kilomita wajen 900 da sojoji a bakinta, Paris sai a jirgi, shi kuwa kafinta ga shi nan ƙofa a buɗe, ba dangi masu yawa, ba ɗan majalisa, ba wanda zai rama masa. Inda katanga ta fi gajarta nan ake tsallakawa.

Wane ne ke nunawa? A nan sai mu dubi bakinmu. Na girma ina jin ana cewa "arna" ana nufin maƙwabtan da littafinmu ya kira ma'abota littafi. Na ji wa'azin da ake tashi daga kan Isra'ila da Amurka a sauka a kan mai sayar da magani na bakin kasuwar Dole, kamar shi ne ke tuƙa jiragen. Yawancin malamanmu ba su taɓa cewa a ƙona komai ba, wannan shaida zan bayar ko a gaban alƙali. Sai dai idan ka shekara goma kana gaya wa yaro cewa mutanen can ƴan kanzagin maƙiya ne, ranar da jininsa ya hau ba ya buƙatar fatawa. Da can kaset ne da lasifika, yanzu kowane saurayi yana da malaminsa a cikin waya, wanda ba ya garin, bai san kowa a nan ba, kuma ba shi zai kwashe toka ba. Muryar minti biyu a WhatsApp tana zagaye Zengo da Garin Malam kafin limamin unguwa ya gama alwala.

Wannan ne ya sa rikicin siyasa yake ba ni tsoro a madadinsu fiye da yadda yake ba ni a kaina. Mun ga juyin mulki a 1974, 1996, 1999, 2010, ga na 26 ga Yulin 2023 da Janar Abdourahamane Tiani ya kifar da Bazoum Mohamed. Ba zan ɓoye ba, ranar da sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan a Disamban 2023 ban yi baƙin ciki ba. Takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuwa mu nan muka fi kowa ɗanɗana shi, da aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya, buhun shinkafa ya gagari mai albashi, magani ya yi wuya. Amma a makonnin nan na farko, da ake ta gangami ana tsine wa Faransa, na lura da wata mata Kirista da ke aiki tare da matata. Ta tattara takardun haihuwar ƴaƴanta da na makaranta ta zuba a leda ta kawo gidanmu ajiya. Babu wanda ya yi mata barazana. Ta ce wa matata, "Yaya, ni dai na ga 2015." Ita ta riga ta koyi cewa duk ranar da aka ambaci Faransa da ƙarfi a titi, gara ta san inda takalmanta suke.

Alhamdu lillahi ba a taɓa su ba a wannan karon, kuma ya kamata a faɗi hakan. Ya kamata kuma a faɗi abin da mutane da yawa ba su ji ba: lokacin da ake shirin turo sojojin CEDEAO su yaƙe mu a watan Agustan 2023, limaman Katolika na Afirka ta Yamma sun fito fili sun ce ba su yarda a kawo yaƙi Nijar ba, a daidai lokacin da tawagar malaman Musulunci na Najeriya ƙarƙashin Shaikh Bala Lau ta zo Yamai neman sulhu. Ziyarar malaman kowa ya ji ta a fada. Maganar limaman cocin ban ji wanda ya maimaita ta ba, don ba ta dace da hoton da muka riga muka zana ba.

Tsarin mulkin 2010 ya raba addini da gwamnati, ya kuma hana kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila. An dakatar da shi tun 2023, a Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyu aka ɗibar wa mulkin riƙo shekara biyar. Kowa yana da ra'ayinsa a kan wannan, kuma takardar 2010 ɗin ma ba ta kashe wutar 2015 ba. Abin da nake cewa shi ne, ni idan hukuma ta yi rauni ina da inda zan faɗa: dangi, unguwa, masallaci, fadar Sarkin Damagaram, abokan makaranta da ke cikin soja. Wanda bai kai ɗaya cikin ɗari ba, in ka cire doka, abin da ya rage masa shi ne halin maƙwabcinsa a ranar da gari ya ɗau zafi. Wato mu. Shi ya sa ba na iya tura wannan magana Yamai in ce gwamnati ta ji da ita.

Akwai masu magana daga waje, kuma ba su sauƙaƙa mana ba. A ƙarshen Oktoban 2025 Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye ƴancin addini, ya ce ana kashe Kirista, har ya yi barazanar turo soja. Mu da Kano da Daura kamar ɗaki da zaure ne, don haka zancen ya cika fadodinmu. Ra'ayina a kai bai canza ba: labarin da ya ƙirga gawar Filato da Binuwai ya manta ta Zamfara da Borno rabin labari ne, kuma duk lokacin da wani babba a Turai ko Amurka ya naɗa kansa uban Kiristan Afirka, ƙara musu kamannin baƙi yake yi a idon masu neman dalili. Shi yana can bayan teku, su ne za su je kasuwa gobe. Amma mu ma mu yi wa kanmu adalci. Abin da aka yi wa Deborah Samuel a Sakkwato a Mayun 2022 ba Trump ya ƙirƙira ba. Harin cocin Owo a Yunin shekarar ba ƙarya ba ne. Leah Sharibu da aka sace a Dapchi a 2018 aka saki sauran aka riƙe ta, ba tatsuniya ba ce. Duk ranar da muka ce babu komai, sai mu miƙa wa na waje makirufo, domin mai ciwo zai bi duk wanda ya yarda yana ciwo. Laifi tudu ne, mun iya hango na Amurka sarai.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake maganar Kirista a ƙasar nan kamar jiya suka sauka daga mota. Mishan na SIM ya fara aiki a Nijar ne a nan Damagaram tun 1924. Asibitin Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950, kuma ban san gidan da ke tsakanin Konni da Gure da ba a taɓa kai wani nasa can ba. Kutaren da muke ƙyamar haɗa kwano da su, a Danja kusa da Maraɗi aka riƙa wanke musu miki. A Tsibiri da kewayenta akwai Hausawa Gobirawa Kirista, kaka da jika, masu zane a fuska, waɗanda in ka ce su koma garinsu sai su tambaye ka wanne. Manyan ma'aikata nawa ne a ƙasar nan, alhazai masu carbi, suka yi karatu a makarantun mishan, kuma yau suke layi su sa ƴaƴansu? Ina da saɓani da aƙidar Kirista, saɓani na gaske, ba na kuma son a yi wa yaran Musulmi wayo da alewa a canza musu addini. Wannan muhawara ce, da baki ake yin ta.

Ni ba malami ba ne, iyakata abin da na koya a zaure. Amma ko a zauren an karanta mana cewa babu rai mai ɗaukar laifin wani. An karanta mana a cikin Suratul Hajji cewa ba don Allah yana kare wasu mutane da wasu ba, da an rushe wuraren ibadar ruhubanawa da majami'u da wuraren ibadar Yahudu da masallatai, kuma a jerin nan masallaci ne ya zo a ƙarshe. Suratul Mumtahana ta ce ba a hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su fitar da mu daga gidajenmu ba. Hadisi ingantacce ya ce wanda ya kashe wanda ke da alkawarin zaman amana ba zai ji ƙamshin Aljanna ba. Kuma da Makka ta yi wa sahabbai zafi, wurin sarki Kirista na Habasha aka tura su. Duk ɗalibin shekara biyu ya san waɗannan. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa ba ma jin su sai bayan an gama ƙone-ƙone, a taron zaman lafiya na otal, gaban baƙi da kwalaben ruwa, da Faransanci. Wurinsu mumbari ne, ranar Juma'ar da gari yake lafiya, da Hausar da ɗan kabu-kabu zai ji, kuma daga bakin malamin da yaran suke jin maganarsa. Idan an bari sai ranar fushi, an makara, ranar nan babu mai jin kira.

An samu waɗanda suka yi abin da ya dace, kada in zalunce su. A Damagaram da Yamai akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunan matansu, akwai waɗanda suka tsaya a ƙofar gida suka ce sai dai a bi ta kansu. A Najeriya an san Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a Yunin 2018, yana tsoho mai shekara sama da tamanin, ya zuba Kirista sama da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa ya fita ya tari masu bindiga. Muna son ba da labarinsa saboda yana wanke mu. Ni kam idan na ji shi kunya nake ji, don na san a wane layi nake a ranar tamu. Ban jefi kowa ba, ban ɗauki ashana ba. Na dai tsaya a bakin lungu hannu a aljihu ina kallon hayaƙi, da dare kuma na zauna a benci. Irina mun fi masu ashana yawa nesa ba kusa ba, kuma da goma daga cikinmu sun taka zuwa ƙofar shagon Baba sun tsaya kawai, yaran nan ba za su wuce mu ba, don ƙannenmu ne, suna jin nauyinmu.

Gwamnati ta yi zaman makoki na kwana uku, shugaban ƙasa ya ce masu wannan aiki ba su fahimci komai a Musulunci ba, aka kama mutane, aka sake gina wasu majami'un da taimako daga waje. A lungunmu kuwa babu wanda ya mayar da ko cokali. Wasu iyalan da suka tafi Kwatano da Lome ba su dawo ba, an sayar da gidajensu da araha, kuma waɗanda suka saya mun san su. Baba kafinta ya dawo bayan wata biyu, ya sake kafa rumfa da aron kayan aiki. Muka ci gaba da gaisawa, "Baba ina kwana, ina gajiya," kamar an yi ruwa an ɗauke. Wannan shirun ne nake ganin ya fi komai haɗari, domin yaron da ya kinkimo benci yanzu magidanci ne, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa abin da ya yi sata ce da zalunci. A saninsa har yau jihadi ya yi.

Wajen ƙarshen 2016 ƙafar bencin ɗaya ta karye. Aka ce a kai gyara, na ce ni zan kai. Har yau ban san ko mantuwa ce ko wani abu ne a raina ya tura ni ba, na ɗora shi a kura na nufi rumfar Baba. Ya ajiye zarto ya zo ya kifa shi, ya shafa ƙarƙashin da tafin hannu, ya daɗe a wurin da ya babbake.

"Ɗana, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Baba, a fadarmu yake."

Ya gyaɗa kai. "Ni na yi shi. Guda goma sha biyu ne, katakon daga Kano aka kawo mini."

Bakina ya bushe. Na ce, "Baba, a bar shi nan wurinka, a mayar inda yake."

"To, na ji. Amma kuɗin gyara dala ɗari ne, ko ka bari ko ka ɗauka."

Na laluba aljihu na ba shi. Ya karɓa ya jefa a gwangwanin ƙusoshi, ya jawo wani guntun katako yana gwadawa da ƙafar da ta karye. Har na juya zan tafi ya kira ni, bai ɗago kai ba, ya ce ko na san inda sauran goma sha ɗayan suke. Na san inda uku suke, ɗaya ma a ƙofar gidan wani mai unguwa. Na ce masa zan bincika.